Kujera Ɗaya a Ɗakin Wankin Ƙoda

Zuwa ga 'yar Kawuna, Uwar Allura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya Kawu da ƙarfin jiki? Ki gaishe shi, ki ce ɗansa Dogo yana nan, bai mutu ba, bai kuma yi arziki ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da rabonsa da ke tun kina tsallen igiya a tsakar gida. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, a gidanku kuma na girma bayan rasuwar Inna, amma zumunta a ƙafa take, ni kuwa ƙafata ta daɗe a ƙasar mutane. Ban kira a waya ba da gangan. A waya kowa lafiya lau yake. Kuma na san halin gidan: da an ji muryata za a ƙure sauti, a tara yara, kowa ya faɗi tsarabar da yake so. Shi ya sa na rubuta na ba wani mai tuƙa kiren, injin nan mai ɗaga kaya sama a wurin gini, da kamfaninmu ya sallama, zai kawo miki har asibitinku. Masu komawa gida yanzu ba a rasa su.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙodata ta daina aiki, duka biyun. Ke ma'aikaciyar jinya ce, a ɗakin wankin ƙoda ma aka ce kike, don haka ba sai na yi miki bayani ba. Likitan nan ya tambaye ni ko ina shan ruwa a wurin aiki, na yi dariya. Wanda yake hawa na goma yana ɗora bulo, in ya sha ruwa sai ya sauko bayi, in ya sauko foman ya rubuta sunansa. Sai muka koyi zama da ƙishi. Da yamma kuma baya ya riƙe, a watsa ƙwayar ciwon jiki kamar gyaɗa. Haka na yi shekara da shekaru. Yanzu sun sauko da ni sito, ina zaune kan buhun siminti ina miƙa wa yara cebur da bokiti, sau uku a mako kuma motar kamfani ta kai ni a ɗaura ni a inji.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Kwantiragina zai ƙare ƙarshen zafin nan, kuma an gaya mini ba za a sabunta ba. Ban ga laifinsu sosai ba, magini aka ɗauka ba majinyaci ba. Amma ranar da kwantiragi ya ƙare, ranar inshora take mutuwa, takardar zama ma ta bi ta. Gwamnatin nan da tamu sun yi wata yarjejeniya: marar lafiya ya sa hannu, a ba shi tikiti da wani koren kati, gwamnatin nan kuma ta riƙa biyan kuɗin jinyarsa a gida. An ce mai katin nan dole asibiti ya karɓe shi. Na sha jin irin wannan dolen a rayuwata, na kuma ga inda take ƙarewa.

Don Allah ki gaya mini tsakani da Allah: in na zo, akwai kujera? Katin yana aiki, ko takarda ce kawai? Kin fi ni sanin abin da mako ɗaya ba wanki yake yi wa mutum.

Kada Kawu ya ji. Tsoho ne, kuma zai ce tun farko ya hana ni tafiya.

Yayanki,
Dogo

*

Zuwa ga Yaya Dogo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni ina bakin aiki, na shiga ɗakin ajiye magani na karanta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne. Mu duk muna lafiya. Yara sun girma, babbar ta kusa kamo ni. Baba yana nan, sai godiya, yanzu ma na fi ganinsa a kai a kai. Har yau ashe ba ka daina ce mini Uwar Allura ba, sunan da ka sa mini tun ina yi wa 'yar tsana allura da tsinke. Allah Ya kawo ranar da hannunka zai shigo hannuna, ka ga allura.

Yaya, garin ba yadda ka bar shi yake ba. Layinmu kaɗai gida biyar ne mai gidan ya dawo, da akwatuna masu taya da ba komai a ciki sai bargo da takardun asibiti. Ofishin jin daɗin jama'a, wanda ka sani da benci biyu a baranda, yanzu layinsa yana zagaye kwana har gaban mai facin taya. Ɗan tallafin da ake ba tsofaffi da zawarawa ya tsaya tun watannin baya, an ce an karkatar da kuɗin wajen tsugunar da waɗanda suka dawo. Mutane suna ta guna-guni, kuma ba duka maganganun ne za su yi maka daɗin ji ba.

Kati yana aiki. Yana aiki ƙwarai ma. Ɗakinmu kujera shida ne, ɗaya ta lalace an jingine ta jikin bango muna ɗora kwalaye. Muna fara ɗaura mutane tun da sassafe, ba ma tashi sai injin ya yi zafi.

Amma Yaya, in akwai yadda za ka yi ka ɗan ƙara zama a can, ka yi. Ka roƙi kamfanin ko wata shida ne. Ba yanzu ba. Ka yi haƙuri, iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Ka rage gishiri, ka kula da hannun da ake ɗaura ka, kada ka ɗauki kaya da shi.

Ƙanwarka

*

Zuwa ga 'yar Kawu,

Bayan gaisuwa. Na ji kuna lafiya, madalla. Ni ma da sauƙi, in kumburin ƙafa da ɗacin baki sauƙi ne.

Na karanta takardarki sau uku, na ba abokin ɗakina ya karanta mini da ƙarfi ko idona ne yake ƙara mata gishiri. Wani mai haɗa wayar lantarki ne, Injiniya muke ce masa don ya ji daɗi. Da ya zo kan “ba yanzu ba” sai ya naɗe takardar ya miƙo mini ya ce, “Dogo, tawa matar ma haka ta ce. Wai in bari yara su gama makaranta. Ƙaramin fa bai fara tafiya ba.” Muka yi dariya, don ba mu da abin yi.

Kujera akwai, kati yana aiki, amma kada in zo. Na gane. An ci moriyar ganga.

Bari in tuna miki wani abu, ba gori ba ne. Injina biyu daga cikin shidan da kike magana, ƙungiyarmu ta ma'aikata ce ta saye su. Kowane wata ana bin mu ɗaki ɗaki da leda, mai shara ya sa, mai gadi ya sa, ni ma na sa, lokacin ƙodata garau take, ban ma san a wane gefe take ba. An turo mana hoto, wani babban mutum yana yanka ƙyalle yana murmushi kamar daga aljihunsa suka fito. Hoton yana nan manne a ƙofar ɗakinmu, ya koɗe.

Kin ce ana guna-guni. A yi. Amma a tambaya: duk shekarun nan da ofishin jin daɗin jama'a yake da benci biyu, me ya sa biyun suka ishe shi? Don mu ne ofishin. Gwauruwar da ba ta je layi ba, ɗanta yana nan yana goge gilashin bene. Tsohon da bai nemi maganin hawan jini kyauta ba, surukinsa yana nan yana kwasar shara. Gwamnati ta kwanta ta miƙe ƙafa, muna ɗauke mata kaya ba ta ko san nauyinsa ba. Yanzu an sauke mu, kowane mutum ɗaya da ya dawo gida guda ne ya shiga layi, shi da waɗanda yake ci da su. Sai aka waiga aka ce mu ne muka cinye tallafin.

Ba na cewa tsofaffin nan ba a zalunce su ba. An zalunce su. Tsohuwar da aka tsayar wa ɗan abin da take sayen sabulu, in ta zage ni ba zan rama ba, don ni ta gani, ba ta ga wanda ya zauna a ofis ya ja layi a kan kasafin kuɗi ba. Amma ke fa? Ke kin yi karatu, kuma jinina ce.

Na roƙi kamfani, tun kafin ki ce. Manajan ya ba ni shayi, ya dafa kafaɗata, ya raka ni har ƙofa. Kin san ma'anar shayin manaja.

Ba na neman ɗaki a gidan kowa. Ba zan zauna wa Kawu a zaure ina tari ba, ba kuma zan ci abincin maigidanki ba. Kujera kawai na tambaya. Zan sa hannu.

Dogo

*

'Yar Kawu,

Sallama. Shiru, ba amsa. Ko takardata ta yi zafi ne? In ta yi, ki ɗauki rabi ki zubar da rabi, bakin majinyaci ba shi da linzami. Ina fatan dai lafiya, don shirun ya fara damuna. Kawu fa?

Na sa hannu. Sun ɗauki hotona, sun ba ni katin, kore shar, sun ce an riga an tura sunana asibitinku tunda can ne garinmu. Saura su sa mini ranar jirgi.

Injiniya ya tafi. Gadonsa na sama yanzu katifa ce kawai da wayar caja da ya manta. Ɗakin da muke mu takwas muna faɗa kan fanka, saura mu uku, kowa yana magana a hankali kamar gidan makoki. Mai kiren ɗin da ya kawo miki takardata ta farko ya kira wani a nan, ya ce a gida yanzu “'yan kati” ake ce mana, wai har a layin famfo. Ya ce ya je karɓar maganin sukari, wata mata ta ce masa, “Ku da kuka ci daɗin duniya, ku bar mana na lahira mana.” Daɗin duniya! Mutumin da ya yi shekaru a cikin akwatin ƙarfe tsakanin sama da ƙasa yana fitsari a gora.

Jiya a kan inji jinina ya faɗi, na ga ɗakin yana juyawa. Da na farfaɗo abin da ya fara zo mini shi ne, in a gida ne wa zai tsaya a kaina? Ki rubuto ko layi biyu ne. Ko zagi ne ina so.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardunka biyu duk sun iso. Na amsa ta farkon tun tuni, na ba wani da zai tafi wajenku, aka dawo da shi daga filin jirgi, ya riƙe ta a aljihu bai gaya mini ba. Masu zuwa nan da yawa, masu tafiya can babu. Wannan na biya an aika ta da gaggawa. Na kuma gode wa Allah da waccan ba ta je ba, don kewaye-kewaye na sake yi a cikinta.

Ka ce in faɗa maka tsakani da Allah, ban faɗa ba. Ga ta yau.

Baba yana kan inji. Ya fi shekara. Sukari ne ya ci ƙodar. Ya sa na rantse ba zan gaya maka ba, wai kana da naka nauyin, kuma ba ya son a ce ya hana ka tafiya sannan ya dawo yana cin kuɗin tafiyar. Kai ka ce kada ya ji, shi ya ce kada ka ji. Kun mai da ni rumbu, kowa ya zo ya zuba ya rufe.

Ga yadda katin yake aiki. Kuɗin da ƙasar can take biya na mai katin ne shi kaɗai: matacin jininsa, bututunsa, maganinsa. Ba ya sayen kujera, ba ya ɗaukar ma'aikaciya. Ma'aikatar lafiya kuma da ta ga kuɗi yana shigowa daga waje, sai ta zaftare kason da take ba ɗakinmu, ta ce ai mun samu masu taimako. Mai kati dole a yi masa sau uku a mako, don masu biya suna turo mutanensu su duba. Kujerun kuwa su ne dai biyar ɗin nan. To duk ranar da mai kati ya shigo ta ƙofa, wani marar kati ake rage wa. Babban likita ya rasa yadda zai yi, ya kafa doka don kada a ce ana son kai: a fara daga wanda ya fi tsufa.

Wata tela ce ta fi Baba shekaru. Mace mai barkwanci, tana kan inji tana yi mana gyaran rigunan aiki da hannu ɗaya. Aka mai da ita sau ɗaya a mako. Ba ta yi wata biyu ba ta rasu. 'Yarta ta zo har ɗakin ta tsaya a kan mutumin da aka ba kujerar, ta ce, “Ka ji daɗin zama?” Bawan Allah nan bai san komai ba, da aka yi masa bayani ya fashe da kuka yana neman cire bututun da hannunsa, da ƙyar muka danne shi. Shi ma yara gare shi.

Yanzu Baba ne babba a ɗakin. Kason masu kati da aka ware wa asibitinmu na bana saura mutum ɗaya, kuma sunanka ya iso. Ni nake rubuta jadawali a allon bango, da hannuna.

Ban ƙi ka ba, Yaya. Wallahi ban ƙi ka ba. Maganarka ta injina biyu gaskiya ce, a kan ɗaya daga cikinsu ma Baba yake zama. Haƙƙinka ne, ba wanda zai ce ka ci na wani. Ba zan ce ka zo ba, ba zan ce kada ka zo ba. Na gaya maka ne don kada ka shigo kamar wancan mutumin, ka ji daga bakin wani.

Shi kuwa yana nan yadda ka san shi. Yana zaune jini yana zagayawa, idonsa a kan bango, wai ginin ya karkace. Ya ce ko Dogo da taurin kansa ba zai yi wannan aika-aikar ba.

Ƙanwarka, wadda ba ta barci

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na samu. Ina fatan kin ɗan runtsa. Jikina da sauƙi.

Ki yafe mini maganar ganga. Rashin sani ya fi dare duhu. Na zauna a bakin sito da takardarki har yara suka gaji da kirana suka shiga suka ɗebi kayan da kansu.

Ba zan yi miki ƙarya in ce Kawu ya riƙe ni da laushi ba. Mutumin nan ya taɓa sa ni rushe katangar da na yini ina ginawa saboda ta kauce da faɗin yatsa, ya kuma hana ni abincin rana. Na yi shekaru ina jin haushinsa. Amma da ya ga dama, da Inna ta rasu, sai ya ce dangantakar ta yi nisa, ba wanda zai zarge shi. Bai ce ba. Kuma sana'ar da na ci abinci da ita a nan, tasa ce.

Na koma ofishin masu katin na ce a soke sunana. Wani matashi ne a kan tebur, mai ladabi, ya ce, “Baba, zan iya sokewa yanzu. Amma ka sani, kason ba ya zama banza. Na bayanka a layi za a ba, mako mai zuwa yana cikin jirgi.” Kin ga ke nan, in na janye, Kawu bai tsira ba, wani ne kawai zai tashe shi maimakon ni. Na ce to in ban soke ba, ban kuma tafi ba fa? Ya dube ni ya ce ana iya ɗaga ranar tafiya, kujerar tana nan da sunana har ƙarshen shekarar yarjejeniya, ba mai taɓa ta. Sai dai takardar zama da inshora ba ruwansu da wannan, ranarsu tana nan. Ya ce, “Ka san abin da kake yi kuwa?” Na ce rabona da sanin abin da nake yi tun ina hawa na goma.

Na ɗaga. Kujerar tawa ce, Kawu ya ci gaba da zama a kai. Kada ki taɓa allonki.

Ba na jin na yi abin kirki, kada ki ɗauka haka. Akwai wani bawan Allah a bayana a layin nan, ban san fuskarsa ba, wataƙila ya fi ni yara, wataƙila ya fi ni jin jiki, na tare masa hanya don tsohona ya rayu. Abin da ake zargin 'yan kati da shi, ga shi na yi wa ɗan'uwana ɗan kati. Duk inda mutum ya juya a wannan lamari sai ya taka wani. Waɗanda suka ƙi ƙara kujera su ne kaɗai ba sa taka kowa, don ba sa shigowa ɗakin.

Za ki tambayi yadda zan yi da wanki. Dokar nan ta ce asibiti ba ya korar wanda yake bakin mutuwa, ko da takarda ko babu. To haka marasa takarda suke yi: mutum ya zauna har ruwa ya cika shi, numfashi ya fara gagara, sannan ya je ɗakin gaggawa. Su auna jini. In ya lalace sosai su ɗaura shi, in bai kai ba su ce ya dawo. Na san wani mai fenti da yake tsayawa a bakin ƙofa ya ci ayaba kafin ya shiga, don awon ya hau su karɓe shi. Ya fi shekara a haka, yana nan da ransa. Wani mai gyaran taya kuma ya ce in zo in riƙa kwana a bayan shagonsa, akwai famfo, kuma ba nisa da asibitin.

Kawu kada ya ji. Kin san shi, ranar da ya ji, ranar zai daina zuwa, ya ce shi ya ci zamaninsa, mu yi asarar kujerar mu duka biyu. Ki ce masa an ƙara mini kwantiragi. Ki ƙara wannan a rumbun.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki riƙa rubuto mini, kuma kowace takarda ki faɗa mini a fili cewa babu wuri. Na san abin da “wuri ya samu” yake nufi yanzu: Kawu ya tafi ke nan. Ina addu'a kada in gan shi. Amma ni mutum ne, ƙanwata, kuma ban taɓa jin yadda cikar ruwan nan take ba. Tsorona kada wata rana, numfashi yana gagarata, in buɗe takardarki ina fatan akasin haka. In hakan ta faru ba zan gaya miki ba. Ki dai taya ni addu'a Allah Ya tsare mini zuciyata.

Yayanki,
Dogo

*

Yaya Dogo,

Wa alaikumus salam. Yaya jikin? Ka faɗa mini gaskiya, sau nawa ka je ɗakin gaggawar, kuma a kan ƙafarka ka je ko ɗaukarka aka yi? Mai gyaran tayan ya rubuto lambarsa a bayan ambulan ɗin takardarka, in ba ka faɗa ba shi zai faɗa.

Ban yarda da abin da ka yi ba, kuma ban iya cewa ka fasa ba. Na yi kwana biyu ina rubutawa ina yagawa. In na sake jin maganar ayaba, wallahi ko a ƙasar wa kake sai na zo. Ruwa kuma kofi ɗaya a rana, ka tsotsi ƙanƙara in ƙishi ya dame ka. Kai da ka iya zama da ƙishi don foman, ka zauna da shi don ni.

An ce a kasafin kuɗin baɗi za a ƙara mana kujera biyu, a gyara ta jikin bango. An ce. Babban likita ya rubuta, mu ma mun sa hannu, har da masu katin da suke ɗakin. Ban sa rai ba, ban kuma cire ba.

Na gaya wa Baba an ƙara maka kwantiragi. Ya ce, “Yaron nan ba zai dawo ba sai ya ga gawata.” Na fita waje.

Makon jiya zazzaɓi ya kama shi ta wurin bututun, ya kwana biyu bai san wanda yake kansa ba. Ina zaune a gefen gadon ina riƙe da hannunsa, sai na tsinci kaina ina tunanin wace rana jirgi yake tasowa daga wajenku. Ka ce ba za ka gaya mini ba in ta same ka. Ni ga shi na gaya maka.

Ya farfaɗo. Jiya ya ci abinci, ya yi wa mai shara faɗa, ya koma kujerarka.

Babu wuri, Yaya. Ka ci gaba da numfashi.

Ƙanwarka,
Uwar Allura